Kasalar mai jego da laifin da ba nata ba

A kusan kowace unguwa akwai matar da ake yi da ita a bayan ido cewa tun da ta haihu ta zama wata iri. Haihuwar ta zo da gardama, jini ya ɓalle, aka yi ta fama har Allah ya sa da sauran shan ruwanta. Aka yi suna, aka gama wankan jego, amma nono bai kawo ba, sai da aka haɗa jaririn da madarar gwangwani ko wata 'yar'uwa ta shayar da shi. Yaro ya yi wayo, ya fara gudu, al'ada ba ta dawo ba. Matar da a da take tashi tun assalatu ta share tsakar gida ta dama koko, yanzu hantsi ke tashinta, tana jin sanyi a tsakiyar bazara, fatarta ta bushe, muryarta ta yi ƙasa, ba ta marmarin mijinta. Uwar miji ta ce son jiki ne, miji ya ce raini ne, danginta su ce sammu ne, kuma in akwai abokiyar zama kowa ya san inda yatsa zai nuna. Ra'ayina shi ne, cikin matan da ake yanke wa wannan hukunci babu shaida akwai masu ciwo na zahiri, ciwon da likitoci suka san shi tun 1937, wanda ake riƙe shi da ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi, kuma rashin tambaya ya fi rashin kuɗi hana a gano su. Sai dai ba za a fahimci maganar ba sai an san wani ɗan guntun nama da ke can ƙasan ƙwaƙwalwa.

Sunansa haifotalamas. Nauyinsa bai wuce giram 4 ba a cikin ƙwaƙwalwar da ta kai kusan giram 1,400, yana can tsakiyar kai, a bayan idanu. A ƙarƙashinsa, rataye da wani ɗan siririn sili, akwai ƙullutun da ake kira fituwitari, zaune cikin ɗan gurbinsa na ƙashi. Aikin haifotalamas awo ne da umarni. Dare da rana yana auna zafin jini, da yawan gishirin da ke cikinsa, da sukari, da kitsen da jiki ya tara, da hasken da ke shiga ido, daga nan ya yanke ko mutum ya ji ƙishirwa ko yunwa ko barci, ko ya yi gumi ko ya yi rawar ɗari. Ko a zazzaɓin cizon sauro shi ne ke ɗaga ma'aunin zafi, abin da ke sa mai zazzaɓi neman bargo alhali jikinsa na ƙuna. Sauran umarninsa ta hannun fituwitari yake aikawa, ita kuma ta saki sinadaran da ake kira homon cikin jini: wani ya je ga tayirod a maƙogwaro, mai tsara saurin da jiki ke ƙona abinci, wani ga ƙullutun da ke saman ƙoda, mai fitar da kotisol, wanda ke riƙe ƙarfin jini da sukari a lokacin ciwo ko firgita, wani ga gidan ƙwan mace da marainan namiji, wani ga nono, wani ga ƙashin yaro don ya yi tsawo. Uwargida ce mai riƙe da makullin rumbu: ita ta san abin da ya rage na tsaba, ita ke cewa yau a yi tuwo gobe a ta da kai da kunu, kuma in ta ga shekara ta yi tsanani sai ta ɗage biki. In ita ta kwanta ciwo, ko ɗan aikenta ya kwanta, gidan ne gaba ɗaya ke rikicewa, ko da kowa a cikinsa lafiyarsa ƙalau.

Ba da ka aka san wannan ba. Wani likita ɗan Ingila, Geoffrey Harris, ya shafe shekarun 1940 da 1950 yana nuna cewa akwai 'yan ƙananan jijiyoyin jini da ke gangarowa daga haifotalamas zuwa fituwitari, kuma ta cikinsu saƙon ke bi. Wasu manyan masana suka ƙi yarda, tun da ba wanda ya taɓa ganin sinadarin da ke ɗauke da saƙon. Sai da wasu abokan hamayya biyu a Amurka, Roger Guillemin da Andrew Schally, suka yi shekaru suna kwaso ƙwaƙwalen dabbobi daga mayanka, ɗaya na tumaki, ɗaya na aladu. Guillemin ya tace guntayen ƙwaƙwalwar tumaki kusan 300,000 kafin ya sami miligiram 1 na sinadarin da ke tayar da tayirod, a 1969. A 1971 Schally ya fayyace wanda ke buɗe hanyar haihuwa, aka ba su kyautar Nobel a 1977. Abin da ido ba ya iya gani ke nan, amma da shi yarinya ke balaga, da shi mace ke ɗaukar ciki.

Abin da ya fi wuyar haɗiya shi ne cewa ikon wannan wuri ya kai ga abubuwan da muke kira hali. Walter Hess, a Zurich ta ƙasar Suwizalan, ya sa 'yar siririyar waya cikin haifotalamas ɗin kyanwa ya saki ɗan lantarki kaɗan. Kyanwar da ke kwance lafiya ta zabura, gashinta ya miƙe, tana huci tana neman kai yakushi, da ya kashe lantarkin ta lafa. Wannan aiki ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 1949. A 1940 Hetherington da Ranson a Chicago suka lalata wani ɗan sashe na wurin a kan ɓeraye, ɓerayen suka yi ta ci ba ƙoshi har suka narke da ƙiba. A 1951 Anand da Brobeck suka lalata sashen da ke gefensa, ɓerayen suka juya wa abinci baya, in ba ɗura aka yi musu ba sai mutuwa. Mai gardama zai ce ai ɓera ba mutum ba ne. To, a 1994 Jeffrey Friedman ya gano leftin, sinadarin da kitsen jiki ke aika wa haifotalamas don sanar da shi cewa akwai ajiya. A 1997 likitoci a Cambridge, Sadaf Farooqi da Stephen O'Rahilly da abokan aikinsu, suka sami wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, 'yan asalin Pakistan, waɗanda jikinsu ba ya yin wannan sinadari. Babbar, mai shekara 8, nauyinta kilo 86, kullum cikin neman abinci take. A gidajenmu sunan irin wannan yarinya mai haɗama. Da aka fara yi mata allurar leftin sai cin ya ragu, ta zubar da kusan kilo 16 cikin shekara guda, ba wanda ya yi mata wa'azi ko duka. Ƙwaƙwalwarta ce ke ganin rumbu wayam alhali a cike yake.

A jikin mace, haifotalamas yana sakin sinadarin haihuwa ne kaɗan-kaɗan, kusan duk bayan sa'a guda zuwa sa'a da rabi. Ernst Knobil ya nuna a kan birai a 1978 cewa tazarar ce sirrin: in aka ɗura sinadarin babu yankewa sai komai ya tsaya, in aka mayar da shi bugu-bugu sai aikin ya dawo. Wannan bugu shi ne abin da haifotalamas ke fara ragewa in ya ga jiki na cikin yunwa, ko tsananin wahala, ko tashin hankali mai tsawo, shi ya sa al'ada kan ɗauke wa mace a irin waɗannan lokuta ba tare da ciki ba. Tsotson jariri ma yana rage shi, dalilin da ya sa mai shayarwa kan daɗe ba ta ga jini ba, kodayake wannan kariya daga ɗaukar ciki na yin rauni bayan wata 6 ko da zarar an fara ba yaro wani abinci, kuma nan kwanika ke samun ƙofa. Akwai wani sinadarin, furolaktin, mai sa nono ya kawo. Shi fituwitari a shirye take kullum ta sake shi, haifotalamas ne ke danne ta da wani sinadari mai suna dofamin. In ɗan tsiro ya fito a fituwitari, wanda galibi ba daji ba ne, sai furolaktin ya yi yawa: mace ba ciki ba goyo ta ga ruwan nono, al'ada ta ɗauke, ciki ya ƙi shiga. Wasu magungunan taɓin hankali da na hana amai suna iya jawo irin haka. Sau da yawa irin wannan mata ce ake kira juya, a yi mata kishiya, wani lokaci a sallame ta, alhali gwajin jini guda ɗaya zai nuna matsalar, kuma ƙwayoyin buromokiriftin ko kabagolin kan motsar da tsiron, al'ada ta dawo, da yawa su haihu. Maza ma suna kamuwa, nasu yakan zo da mutuwar sha'awa da raunin gaba, su kuma sai su nufi mai maganin basir.

Ciwon mai jego ya fi wannan nauyi. Lokacin goyon ciki fituwitari kan kumbura har ta kai ninki biyu, tana shirin samar da nono, amma gurbin ƙashin da take ciki ba ya buɗewa, kuma jinin da ke ciyar da ita ta waɗancan 'yan jijiyoyi yake zuwa, ba da ƙarfi ba. In mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa har ƙarfin jininta ya faɗi, sai sashen gaba na fituwitari ya rasa jini ya mutu, ko duka ko wani ɓangare. Harold Sheehan, likita ɗan Birtaniya mai binciken gawa, shi ya bayyana wannan a 1937, ciwon ya ɗauki sunansa. Haifotalamas yana nan lafiya yana ta aika umarni, babu mai isarwa. Alamar farko nono ba ya zuwa. Sai al'ada ta ƙi dawowa, gashin hammata da na mara su daina tsirowa, abin da macen da ta saba gyara jikinta za ta lura da shi tun kafin kowa. Tayirod ta yi sanyi, sai kasala, da jin ɗari, da taurin ciki, da nauyin tunani. Kotisol ya yi ƙasa, sai jiri in ta miƙe, da rashin cin abinci, da faɗuwar sukari. Abin ba rana ɗaya yake zuwa ba, a hankali yake cin ta, shi ya sa a binciken da aka yi a Turkiyya da Indiya da Faransa aka ga cewa tsakanin haihuwar da gano ciwon akan yi shekaru, sau da yawa fiye da 10. Haɗarin yana ga ranar da wani ciwo ya same ta. Jiki mai lafiya yakan ninka kotisol in zazzaɓi ko gudawa suka kama shi ko aka yi masa tiyata. Nata ba zai iya ba, sai ƙarfin jini ya zube, ta suma, a ce zazzaɓi ne ya yi ajalinta.

Yawan masu wannan ciwo a kowace ƙasa yana bin yadda ake haihuwa a ƙasar. A Iceland, inda kusan kowace mace ke haihuwa a hannun ƙwararru, an sami kusan mace 5 cikin 100,000. A kwarin Kashmir na Indiya, wani bincike da aka wallafa a 2005 ya ƙiyasta kusan mace 3 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka haihu, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a gida suka haihu. Sai mai karatu ya tambayi kansa wanne muka fi kama da shi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kusan haihuwa 6 cikin 10 a Najeriya a gida ake yin ta, kuma adadin ya fi haka nesa ba kusa ba a arewa maso yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya kaɗai ke ɗauke da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya, zubar jini kuwa shi ne kan gaba cikin dalilan. Hukumar ta ƙiyasta cewa mata miliyan 14 ke fuskantar wannan zubar jini kowace shekara a duniya, kusan 70,000 su mutu. Ana lissafa waɗanda suka mutu, kuma ya kamata. Waɗanda aka ceto bayan sun suma, aka ƙara musu leda biyu ko uku, aka sallame su ana hamdala, ba wanda ke bin sawunsu.

Gaskiya ne an samu ci gaba wajen tare jinin, kuma da hannunmu a ciki. Allurar da ungozoma ke yi wa mace da zarar jariri ya faɗo, oksitosin, ainihinta sinadari ne da haifotalamas ke yi don mahaifa ta tsuke. Vincent du Vigneaud ya haɗa shi a ɗakin bincike a 1953. Matsalarsa sai an ajiye shi cikin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kowa ya san halin wutarmu da zafin watan Afrilu. Shi ya sa gwajin da aka yi a ƙasashe 10, har da Najeriya, kan wani ɗan'uwansa mai jure zafi, kabetosin, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2018, yake da muhimmanci. A 2023 kuma aka wallafa sakamakon wani babban gwaji a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a ɓangaren Najeriya. An shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni don a san yawan jinin da ta zubar maimakon kintace, aka kuma haɗa magunguna da murza mahaifa da ƙarin ruwa a lokaci guda maimakon bi da bi. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Wannan shi ne rigakafin ciwon Sheehan na gaskiya, kuma duk gwamnan da ke neman aikin da zai yi wa mata, ga shi nan. Amma bai shafi wadda ta haihu a ɗakinta ba, bai kuma warkar da wadda abin ya riga ya sama shekara goma da suka wuce ba.

Akwai wata ɓarnar da muke yi wa wannan tsari da hannunmu, kuma tana haɗuwa da ta farko. Deksametason, da ake sayarwa a kemis har da kan tebur, yana cikin ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke sha gabanin biki, kuma danginsa na cikin mayukan bilicin da dama, bilicin da hukumar NAFDAC ta ayyana a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a 2023. Deksametason kwaikwayon kotisol ne. In haifotalamas ya ga jini cike da shi sai ya ɗauka an wadata, ya daina aika umarni, ƙullutun saman ƙoda ya kwanta barci. Bayan makonni ana sha, fuska ta cika, tumbi ya fito, ƙafafu su sirance, fata ta tsage da nankarwa, sukari da hawan jini su shigo. Ranar da aka daina kwatsam, jiki ba shi da nasa kotisol ɗin, sai ya zube kamar na mai ciwon Sheehan. Ita kuwa mai jegon da ta rame ta rasa kuzari, in wani ya ba ta wannan ƙwaya don ta murmure, za ta ji daɗin jikinta ƙwarai, domin an ba ta abin da ta rasa ba tare da an sani ba. Sai ciwon ya ɓuya, a sha ba ma'auni, a daina ba shiri.

Ƙorafi na farko da za a yi wa wannan magana mai ƙarfi ne: in aka ce kasala da fushi da ci duk aikin sinadarai ne, ai an ba kowane malalaci hujja. Amsata ita ce, abin da nake kira a kai yana da ma'auni. Ciwon fituwitari yana da tarihi, yana da alamu da ke tafiya tare, yana da lamba a takardar gwaji. Mai son jiki na gaskiya, in aka auna jininta, za a ga komai daidai, kuma a lokacin uwar miji na da bakin magana. Abin da bai dace ba shi ne yanke hukunci kafin awo. Na kuma yarda cewa mafi yawan masu jegon da ke fama da gajiya ba wannan ciwo ke damunsu ba. Ƙarancin jini ne, ko rashin abinci mai kyau, ko ciwon damuwa na bayan haihuwa, ko tarin fuka, ko kuma aikin gida da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma dukkan waɗannan ma abin dubawa ne, kuma tambayar da za ta tono ciwon Sheehan ita ce za ta tono su. Ba a yi asara ba in an nemi ɗaya aka sami ɗayan.

Ƙorafi na biyu na masu kasafin kuɗi ne. Za su ce ƙasar da yara ke mutuwa da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa ba ta da sukunin neman ciwon da sai ƙwararru, likitocin homon 'yan ƙalilan ne, mafi yawansu a asibitocin koyarwa, hoton ƙwaƙwalwa kuwa ya fi ƙarfin talaka. Duk haka ne, amma ba na neman a gina sabon asibiti ko a sayo na'ura. Matakin farko tambaya ce, kuma matar tana zuwa da ƙafarta: tsarin rigakafin yara yana kawo uwa asibitin sha-ka-tafi a mako na 6 da na 10 da na 14, da kuma wata na 9. Ana auna yaro, ana ɗiga masa magani, uwar na zaune ba wanda ya ce mata yaya jiki da nufin jin amsa. Ma'aikaciyar lafiya na iya tambayarta ko ta zubar da jini har ta suma ko aka yi mata ƙari, ko nono ya zo, ko gashin jikinta na tsirowa, ko tana jiri in ta miƙe. Wadda amsoshinta suka haɗu ita kaɗai za a tura gaba, kuma can ma ba da hoto ake farawa ba. Gwajin kotisol na safe, da na sinadarin tayirod, da na gishirin jini sun isa su nuna hanya. Nan akwai tarkon da ya kamata ƙananan likitoci su kiyaye: gwajin da aka fi yi wa tayirod yana auna saƙon da fituwitari ke aikawa ne, kuma a wannan ciwo yana iya fitowa kamar daidai, don haka sai an auna sinadarin tayirod ɗin kansa. Maganin ƙwayoyi biyu ne, haidirokotison da lebotairoksin, duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma da na farkon ake farawa, don fara na tayirod shi kaɗai na iya jefa ta cikin suma. Sannan lissafin masu kasafin ya manta abu ɗaya: uwar da ba ta da nono kuma ba ta iya tashi, ɗanta ne ke ƙarewa a layin masu tamowa.

Ƙorafi na uku ba a cika faɗarsa a fili ba: ana jin kamar wannan bayani ya zo ne ya kori addu'a da ruƙya. Ban ga inda suka yi karo ba. Addini ya yi umarni da neman magani, kuma ba wanda ke barin karaya ba ɗori don yana addu'a. Hasali ma malamai, musamman malamai mata na Islamiyya, su ne suka fi kowa jin wannan matsala da wuri, domin matanmu suna lissafin kwanakin haila daki-daki saboda salla da azumi da idda, kuma in jini ya ɗauke wajen malama ake fara zuwa a ji hukunci. In malama ta ba da fatawarta sannan ta ƙara da cewa a je a auna jini, ta yi aikin da likita goma ba za su yi ba. Abin tsoron yana wani wajen. Kasuwar intanet ta cika da masu sayar da tsumi da gari da sunan gyaran homon, ba gwaji ba tambaya, kowace matsala maganinta ɗaya. Akwai haɗarin rubutu irin wannan ya ƙara musu ciniki. Sai mai karatu ya riƙe cewa homon ba abu ɗaya ba ne da ake gyarawa da kwalba guda. Mai yawan furolaktin tana buƙatar a rage mata, mai ciwon Sheehan tana buƙatar a ƙara mata kotisol, kuma abin da ya warkar da ɗaya na iya cutar da ɗayar. Duk wanda ya ba da magani bai iya faɗin wanne sinadari ne ya yi yawa ko ya yi kaɗan ba, kintace yake yi.

Inda ya fi sauƙin farawa shi ne littafin ɗakin haihuwa da na ma'ajiyar jini. Kowane babban asibiti yana rubuta sunan matar da aka yi wa ƙarin jini bayan haihuwa. Ma'aikatun lafiya na jihohi za su iya umartar a ba kowace irin wannan mata kati lokacin sallama, da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da alamun da za ta lura da su da ranar da za ta dawo, a kuma yi wa mijinta bayanin a gabanta, tun da shi ke ba da izinin fita da kuɗin mota. Ungozomomin gargajiya, waɗanda suka karɓi haihuwar da asibiti bai gani ba, sun san gidan da jini ya ɓalle a bara da bara waccan. Horon da ake ba su kan tura mai naƙuda asibiti ana iya ƙara masa wannan. Wadda aka tabbatar tana da ciwon kuma a koya mata da mutanen gidanta abubuwa biyu da rayuwarta ta rataya a kansu: ba a daina haidirokotison ko na kwana ɗaya don an ji sauƙi, kuma ranar da zazzaɓi ya kama ta ana ninka shi yadda likita ya tsara, in kuwa amai ya hana ƙwayar zama, a garzaya da ita asibiti a yi mata allurarsa kafin a tsaya neman sakamakon gwajin maleriya.